Yadda ake daidaita jiklar karbirato a babur mai bugu biyu, a zafin Tawa da sanyinta

Wata safiya ce ta watan Janairu, ina kan hanyar Keita daga Tawa bisa babur ɗina DT 125, na murɗe totur har ƙarshe, sai na ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Kafin in ankara tayar baya ta cije. Da aka buɗe injin a garaji, piston ya goge a gefen salansa, buji kuwa fari fat kamar toka. Maigidan da na koyi aikin a hannunsa ya juya bujin a tafinsa ya ce, "Ɗana, wannan jiklar ta watan Afrilu ce ka shigo da ita cikin ɗari." Tun ranar nake ɗaukar wannan aiki da muhimmanci.

Jiklar, wadda makanikan Najeriya ke cewa jet, ƴar ƙaramar tagulla ce mai huji, ta cikinta esansi ke bi ya haɗu da iska. Iska mai zafi ba ta da nauyi, mai sanyi kuwa a cure take. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da tsakar ranar Afrilu mai digiri 42, nauyin iskar da injin ke shaƙa ya bambanta da kusan kashi 9 cikin 100, alhali hujin jiklar yana nan yadda yake. Shi ya sa babur ɗin da ya yi daidai a bazara yake jin yunwar mai da sanyi. In mai ya yi yawa, asararka buji da hayaƙi da kasala. In ya yi kaɗan, injin ya ɗau zafi ya ci piston. Duk lokacin da ka yi shakka, ka karkata wajen yawan mai.

Da fari, kada ka taɓa jiklar tukuna. A ƙasar Adar, mafi yawan baburan da aka kawo da sunan karbirato ya lalace, ƙura ce ta toshe sosan filtar iska. Cire shi, ka wanke, ka bari ya bushe sarai, ka shafa masa mai ka matse har ya daina ɗiga. Duba robar da ta haɗa karbirato da inji; rana tana tsattsaga ta, iska ta riƙa satar hanya. Alamarta, ka saki totur amma injin ya ƙi saukowa da wuri. Matuƙar akwai wannan ɓarakar, ko jiklar goma ka canza ba za ka ga daidai ba. Sannan ka kwance kwanon ƙasan karbirato. In kana shan man kwalba na bakin hanya, za ka tarar da jan laka kwance a ciki, wani lokaci har da ɗigon ruwa. Wanke kowace jiklar da esansi, ka hura mata iska, ka ɗaga ta wajen haske ka ga hujin zagaye tas. Kada ka zura mata waya ko allurar ɗinki. Tagulla tana da laushi, zura ɗaya ta isa ta faɗaɗa hujin, lambar da ke jikinta ta zama ƙarya.

Maganar baƙin mai kuma a tsaida ta tun yanzu. DT tana da famfonta mai zuba man inji da kanta, sai ka tabbata yana aiki. In kuwa an cire shi kana haɗa melanji da hannu, zaɓi awo ɗaya ka zauna kansa: mililita 25 a kowace lita shi ne 40 da 1, mililita 31 kuma kusan 32 da 1. Da yawa suna zaton ƙara baƙin mai kariya ce kawai, ba su san yana rage esansin da ke wucewa ta hujin ba. Kowane sauyin awo yana taɓa saitin.

Yanzu sami farin tef ka naɗa a gindin hannun totur, ka ja layi a rufe, kwata, rabi, kwata uku, da buɗe duka. Karbirato ba ruwansa da gudun babur, abin da ya sani shi ne iyakar murɗin hannunka. Daga rufe zuwa kwata, aikin ƙaramar jiklar ne (jiklar biyu ce a karbirato, ƙarama da babba) da sukurun iska da ke gefen karbirato. Daga kwata zuwa kwata uku, allurar da ke cikin karbirato ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babbar jiklar. Rubuta lambobin da ka tarar, ka sa sabon buji irin wanda kamfani ya ce, ka yi tafiyar minti goma injin ya yi ɗumi. Abu ɗaya ake canzawa kafin kowane gwaji. Wanda ya taɓa biyu ba zai san wanne ya gyara ba.

Fara da sukurun iska. Ɗaure shi da turnabis a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don bakinsa yana lanƙwasa, sannan ka warware zagaye ɗaya da rabi. Ɗan ɗaga silo, wato kaɗawar injin in ba a murɗa totur ba, ka riƙa juya sukurun kwata-kwata, kana dakatawa kana saurare, har ka sami inda injin ya fi tashi da tsabtar murya. Warwarewa ƙarin iska ce, ɗaurewa ƙarin mai. In wurin daɗin ya faɗo ƙasa da zagaye ɗaya, ƙaramar jiklar ta yi kaɗan, a sa ta gaba da ita. In sai ka wuce zagaye biyu da rabi, ta yi girma. Bayan nan fizgi totur daga rufe. In ya yi wata doguwar "booo" kamar zai mutu, yunwa ce. In ya yi ɓaɓatu yana tari kafin ya washe, mai ya shaƙe shi.

Sai babbar jiklar, ita ce mai kashe inji, don haka da ita nake bi kafin allura, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Nemi miƙaƙƙiyar hanya wadda ba dabbobi ba yara, in da ɗan hawa ya fi. Fara da jiklar da ta fi ta jikin babur girma da mataki ɗaya ko biyu. Shiga giya ta huɗu ko ta biyar, ka buɗe totur duka. In mai ya yi yawa za ka ji yana in'ina a sama, ya ƙi kaiwa ƙarshen kukansa. Sauko mataki ɗaya ka sake, haka har ya yi kuka ɗaya miƙaƙƙe, ka tsaya nan. Kada kwaɗayin ƙarfi ya ja ka ƙasa, domin injin mai bugu biyu ya fi zafin nama daf da lokacin da zai kama. Don ka tabbatar, riƙe shi a buɗe kamar daƙiƙa 20, ka kama kuloci ka kashe injin lokaci guda ba tare da ya koma silo ba, ka gangara ka tsaya. Kwance bujin da tsumma, yana da zafi. Launin da ake nema shi ne na shayi da madara, ko ya ɗan fi duhu. Baƙi mai danshi, mai ya yi yawa. Fari ko toka-toka, kada ka ƙara murɗa shi sai ka ƙara girman jiklar.

Lambobin nan kuma kowane kamfani da nasa lissafi. Manyan jiklar Mikuni masu kusurwa shida, irin na DT, yawanci goma-goma suke hawa; na Keihin kuwa biyu ko uku, kamar 175, 178, 180. Lambar wannan ba ta wancan ba ce. Jabu ma sun cika kasuwa, sai ka ga biyu masu lamba ɗaya huji daban. In za ka yi saƙo daga Yamai ko Ƙonni, sayo jeri guda daga hannu ɗaya, ko ba komai za su bi juna.

Allura ita ce inda ka fi zama, tunda yawancin tafiya tsakanin kwata da kwata uku ake yinta. Buɗe murfin saman karbirato, ka zaro ƙarfen da ke hawa da sauka, allurar na rataye a jikinsa. A kanta akwai tsaga, galibi biyar, da ɗan zoben ƙarfe a ɗaya. Nan mutane ke rikicewa: in ka sauko da zoben ƙasa, allurar ce ke ɗagawa, mai ya ƙaru, in ka hau da shi sama, allurar ta nutse, mai ya ragu. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka cire zoben, in ya yi tsalle ya faɗa rairayi ka yi bankwana da shi. Fara daga tsaga ta uku, ka riƙe totur a rabi bisa hanya mai laushi. In yana fizga gaba da baya, ko ka ji ƙarar tsakuwar nan, ƙara mai. In yana tari yana tofar da baƙin mai ta salansa, rage. In ka rasa gane wanne ne, ɗan ja cok kana tafe: in ya ji daɗi, yunwa yake ji.

Mai shiga daji wajen Abalak ko Cintabaraden ya tuna rairayi mai zurfi yana sa injin ja da nauyi, totur a buɗe, iskar sanyaya shi kuwa kaɗan. Ni kan ƙara babbar jiklar mataki ɗaya kafin irin wannan tafiya, in haƙura da ɗan hayaƙin.

Da ka sami saitin da ya yi maka, rubuta lambar jiklar biyu, tsagar allura, zagayen sukuru da watan da ka yi aikin, ka ajiye takardar ƙarƙashin sirdi tare da jiklar canji cikin kwalin ashana. In Nuwamba ta shigo iskar gabas ta fara kaɗawa, hau mataki ɗaya a babbar jiklar, ka ɗan ɗaure sukurun iska, ka sake duba buji da sassafe. Ka bar shi haka har zafin Maris ya kankama sannan ka sauko.