Yadda ake gwada madara kafin a zuba ta a tukunya

Mai ƙaramar masana'antar yawurt a Yamai daga hannu da yawa yake karɓar madara, wata daga wajen Kollo, wata daga Hamdallaye. Bido ɗaya da ya lalace ya isa ya ɓata sauran, don haka kowanne a gwada shi shi kaɗai tun kafin a haɗa.

Fara da hanci da ido. Buɗe murfi ka sunsuna, ka tace da farin ƙyalle mai tsabta. In ka ga kashin shanu, gudaji ko jini-jini, mayar.

Sai gwajin alkol. Zuba mililita 2 na madara a ƙaramar kwalba, ka ƙara mililita 2 na alkol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ka girgiza. In ta tsinke, ta fara tsami ke nan, ko saniyar na da ciwon hantsa, ko kuma dakashi ne. Irin wannan ba ta jure wuta. Kada ka ɗauki alkol mai 90, don shi har madarar kirki yana tsinkawa, ka zargi makiyayi a banza.

A kan ƙara wa madara ruwa aka fi samun gardama. Ma'aunin kaurin madara ƙaramin gilashi ne mai shawagi. Zuba madarar a hankali cikin dogon bututu don kada ta yi kumfa, ka saki ma'aunin, ka karanta daidai saman madarar. Madarar saniya tsantsa takan tsaya tsakanin 1,028 da 1,034. Ruwa kashi 10 cikin 100 yana sauke lambar da kimanin 0,003. Sai dai an saita ma'aunin a zafin digiri 15 ko 20, alhali madarar da ta sha rana a bayan babur ta wuce 30. Mai ɗumi takan nuna ƙasa da gaskiyarta: kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, ƙara 0,0002, ko ka sanyaya ta tukuna.

Ma'aunin ma ana yaudararsa. Kwashe mai yana ɗaga lamba, ruwa yana saukar da ita, wanda ya yi duka biyun sai lambarsa ta fito daidai. Wasu kuma garin rogo suke damawa don kauri ya dawo. Tafasa mililita 3, bari ta huce, ka ɗiga iyod sau biyu ko uku. In ta koma shuɗiya, akwai gari.

Tambayi mai kawowa ko an yi wa saniya allura kwanan nan. Ragowar maganin yana kashe irin da ake zubawa don yawurt ya kama, madara ta kwana ba ta kama ba.

Wadda ta tsallake, dafa ta a digiri 63 na minti 30, ko ka kai ta 85, saboda tarin fuka da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, na bin ɗanyar madara. In ajiye ta za ka yi, sanyaya ta nan take zuwa digiri 4.

Riƙe littafi: rana, mai kawowa, lita, sakamako. Shi za ka buɗe idan jami'an tsabta suka zo, tare da takardun izini da na gwajin likita na ma'aikata. Ƙwayoyin cuta da yawan mai kuwa sai ɗakin gwaji irin na LANSPEX, ɗakin gwajin lafiyar jama'a na ƙasa, ko LABOCEL, babban ɗakin gwajin harkar kiwo. Samfurin a kai shi cikin kwalbar da aka tafasa, a akwatin ƙanƙara, a ranar da aka ɗebe shi.