Yadda Ake Gina Bangon Tunawa da Damina Za Ta Cinye

Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, da ƙasa aka gina ta, kuma duk inda aka daina yaɓe, ruwa ya rushe ta. Mai zane-zane zai iya nuna wannan a fili da ɗan bango guda: rabi a yaɓe, rabi a bar wa ruwan sama. Ƙwarewar tana wajen sa bangon ya zaizaye a hankali, kada ya rufta dare ɗaya.

Fara a watan Nuwamba ko Disamba, domin komai ya bushe kafin ruwan Yuni. Bango mai tsawon mita 3 da tsayin mita 1.5 ya isa, kaurin gindi santimita 60, kai kuma 25. Kada tsayin ya wuce haka, yara za su hau. Zai ci birji (jar ƙasar gini) baro 40 zuwa 45, wato tubali kusan 400, amma a yi 450 saboda fashewa. Kada a ɗebi ƙasar daga jikin ganuwa, abin da ya kassara ta ke nan. A sayo daga kududdufi.

A jiƙa birji, a zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar shi ya kwana uku ana ƙara ruwa. Kafin a yi da yawa, a mulmula tubali biyar a shanya. In sun tsattsage, yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi. In suna marmashewa a hannu, yashin ne ya rinjaya. A ba su sati biyu a rana, ana juyawa.

Tun tubalan suna ɗanye ne ake sa abin tunawa a cikinsu. A cusa tsingaro mai ɗauke da sunan unguwa ko ƙofar da ta ɓace, ko tsohon kwabo, ko makulli. Waɗanda ake so su fito a daminar farko a sa su santimita 3 daga fuska, sauran a ƙara musu zurfi. Takarda da ƙyalle ba sa kai labari, gara za ta riga ruwa.

Harsashi shi ne inda aka fi yin kuskure. A haƙa santimita 40, a cika da dutse har ya ɗago taƙi ɗaya sama da ƙasa, a karkata filin yadda ruwa ba zai kwanta ba. Ruwan da ya ci gindi yana kayar da bango gaba ɗaya, wanda ya sauko daga sama kuwa sassaƙa shi yake yi. A jera tubali tsininsu sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, jeri biyu a rana. Kada a sa rodi a ciki, in ƙasa ta janye zai fito ya yanki mutane.

Rabin da za a kare a shafe shi da makuba, wato ƙasar da aka kwaɓa da ruwan ɓawon ɗorawa, a sabunta duk shekara. Siminti bai dace ba ko kaɗan: yana tsare danshi a ciki har yaɓen ya ɓamɓare da faɗi.

A kafa turke mita 5 daga bangon, a riƙa ɗaukar hoto daga nan duk sati, musamman a Agusta. Da zarar an ga tsaga ta ratsa daga kai zuwa gindi, a kewaye wurin da igiya, a sauke ɓangaren da hannu.