Zaɓen haruffa da launi ga mujallar kwalliya

Kafin wani salon haruffa ya burge ka, fara rubuta waɗannan da shi, manya da ƙanana: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ŋ, é, è, ç. Mujallar da za ta shiga hannun mutanen Garwa, Marwa ko Ngaundere a Kamaru ba ta rabuwa da Hausa da Faransanci, wani lokaci har da Fulatanci, kuma yawancin haruffan ƙawa ba su da masu ƙugiya. Sau da yawa kwamfuta ba za ta faɗa maka ba. Aro take yi daga wani salo, sai an buga ka ga ƙ ɗin "ƙyalle" ta fi sauran kauri, ko wani ɗan akwati ya zauna a gurbinta. Charis SIL, Gentium, Noto Serif da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ne.

Salo biyu sun isa: ɗaya na kanu, ɗaya na jikin labari. Girman haruffan jikin labari ya tsaya a maki (pt) 9 zuwa 10, tazarar layi 12 ko 13. A kanu, mutane na son irin Didot da Bodoni saboda an saba ganin irinsu a bangon Vogue da Harper's Bazaar. Kyansu yana ga girma. Siraran layukansu kamar gashi suke, idan ka ƙanƙanta su, musamman fari a kan launi mai duhu, tawada ce za ta cinye su.

Launi kuwa daga tufar ake ɗebo shi, ba daga son ran mai tsara shafi ba. Atamfa ta riga ta zo da launi huɗu ko biyar, dubi ta ranar mata ta 8 ga Maris. Ɗauki launi ɗaya daga ƙananan zanenta, ka sa shi a kanu ko a siririn layi, sauran shafin ka bar shi fari ko ruwan madara. In ka ɗauki launin da ya fi yawa a jikinta, shafin da zanen za su haɗe, a rasa inda ɗinki ya ƙare. Farar shadda akasin haka take so: bango ruwan ƙasa ko toka mai duhu, don sheƙinta da aikin wuya su fito. Wannan shi ne abin da tela yake jira ya gani.

Abin da allo ya nuna da haske yake, na takarda da tawada huɗu, wato CMYK: C shuɗi mai haske, M ja ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi. Mayar da hotuna can tun da wuri, a dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci. Shuɗi ne ya fi yaudara: ja ruwan hoda na M in ya matso kusa da C, babbar riga shuɗiya za ta fito shunayya, don haka M ya gaza C da kamar kashi 30 cikin ɗari. Baƙar fata ma tana ƙara duhu a injin, a buɗe inuwar fuska kaɗan, amma kada a wanke mace ta koma wata daban. Ƙananan rubutu baƙi su kasance K 100 kaɗai, domin in tawada huɗu suka ɗan goce sai harafi ya yi inuwa. Babban fili baƙi shi ake ƙara wa C 60, M 40, Y 40.

Takarda mai sheƙi giram 115 zuwa 135 ta dace da ciki, bango 250 ko 300. Bar milimita 3 na rara a kowane gefe saboda yanka. Idan Duwala ko Yawunde za a buga, tura PDF da haruffan a cikinsa, kuma kada ka sa hannu a BAT, wato takardar amincewa a buga, sai an aiko maka gwaji a kan ainihin takardar. Fita da shi inuwa da rana, ka ajiye ƙyallen atamfar a gefen hotonta ka kwatanta.