Totur Na Maƙalewa: Yadda Ake Gano Matsalar Da Gyaranta

Kafin maganar gyara, ga abin yi idan totur ya maƙale kana cikin tafiya. Taka birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka riƙa takawa kana saki, domin muddin totur na buɗe, iskar da ke taimaka wa birki kan ƙare bayan 'yan taku kaɗan, sai ya yi tauri. Mayar da giya firi, in kuma mai kuloci ce ka taka shi. Injin zai yi ruri, ƙyale shi. Sai ka gangara gefen titi ka tsaya tukuna ka kashe. Kada ka murɗa makulli har ƙarshe mota na gudu, sitiyari na iya kullewa.

Bincike daga ƙafar direba ake fara shi. Kafet da aka ɗora kan wani, ko na roba mai kauri da ba shi da maƙali, yana zamewa ya danne totur. Haka gorar ruwa da ta gangaro daga ƙarƙashin kujera. Fitar da su duka, ka danna totur da hannu mota a kashe. Ya kamata ya tafi sumul, ya dawo nan take.

In bai warware ba, buɗe bonet ka bi ƙaton tiyon da ya taso daga gidan filtar iska har inda ya haɗu da injin. Wurin shi makanikai ke kira bakin injekta. A cikinsa akwai faifan ƙarfe da ke buɗewa ya ba injin iska. Idan ka ga kebul ya zagaye wani ɗan gare-gare a gefensa, motarka mai kebul ce. Idan soket kaɗai ka gani, ta lantarki ce, babu kebul tsakanin ƙafarka da injin.

A mai kebul, gwaji guda ke raba gardama. Zare kan kebul ɗin daga gare-garen, ka juya gare-garen da hannu. In ya cije, ko ya ƙi komawa da kansa, laifin bakin injekta ne ko sifirin ɗinsa. In ya tafi lafiya, amma kebul ɗin na karta idan ka ja shi, to kebul ne. Duba zarensa a bakin kwanso: ko sili ɗaya ya tsinke, canza shi gaba ɗaya. Zuba masa baƙin mai ba gyara ba ne, ƙura kawai zai tara ya ƙara daskarewa. Sabon kuma kada a lanƙwasa shi sosai ko a bi da shi kusa da salansa, a bar masa ɗan sako-sako na kamar milimita 2 zuwa 3, don faifan ya rufe ruf idan an ɗaga ƙafa. Wanda kebul ɗinsa ke yawan lalacewa ya duba wayar at ta injin, wato wadda ta haɗa injin da jikin mota, domin in ta saki, wuta kan bi ta kebul ɗin ta narka robar cikinsa. Mazaunin injin da ya karye ma kan sa injin ya karkata ya ja kebul.

Abin da ya fi yawa dai shi ne datti. Alamarsa ba ta ɓuya: takun farko totur ya yi tauri, ka ƙara ƙarfi, sai ya saki mota ta zabura, silo kuma, wato juyin injin idan ba a taka totur ba, ya riƙa hawa da sauka. Tururin baƙin mai da injin ke mayarwa ta tiyon numfashi ne ke haɗuwa da ƙura, ya zama baƙin danƙo daidai inda gefen faifan ke zama. Ƙurar hunturu da tsohuwar filta suna gaggauta hakan.

Ka tanadi gwangwanin feshi na wanke bakin injekta, tsumma mai tsabta, tsohon buroshin haƙori da sukundireba. Bari injin ya huce, cire kan batir na nagetif, kwance ƙullin tiyon ka zare shi. Fesa a tsumma, ba cikin ramin kai tsaye ba, ka buɗe faifan ka goge gabansa da bayansa. Za ka ga wani baƙin zobe a bangon ramin, shi ne ainihin mai laifin, ka bi shi da buroshi har ƙarfe ya fito fes, tsumma ya daina baƙi. Kada ka kankare da wuƙa ko samfefa: in bangon ya ci, iska za ta riƙa zurarewa, silo ba zai sake zama daidai ba. Feshin kuma kada ya taɓa sansa ko soket. Idan ka kwance bakin injektan gaba ɗaya, galibi noti 4 ne, sa sabon gasket wajen mayarwa. Tashin farko injin zai ɗan yi gardama, ba komai.

Mota mai totur na lantarki tana son lallami. Kada ka sa yatsa a ramin alhali makulli yana kunne, faifan na iya datse shi, kuma tura shi da ƙarfi na ɓata ƙananan haƙoran giyar da ke juya shi. Bayan wanki, silo kan hau sama sai kwamfutar motar ta sake koyon matsayin faifan. Wasu motocin kan daidaita da kansu, wasu sai an jona na'ura. Totur ɗin kansa ba a zuba masa mai, in ya lalace canza shi ake yi.

Masu Toyota da aka shigo da ita daga Amurka su ƙara lura. A watan Janairun 2010 kamfanin ya janye motoci kimanin miliyan 2.3 saboda totur da ke jinkirin dawowa, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2010 da Corolla ta 2009 zuwa 2010. Wani ɓangare ne a cikin totur ɗin ke cinyewa, laima ta sa ya riƙa kamawa. Da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 za ka iya dubawa a shafin Toyota ko an yi wa taka gyaran, in ba a yi ba ka sa a canza totur ɗin.