Babi na 6: Yadda za ka zaɓi baka mai kunama na farko

Darasi na 1: Sunayen sassansa

Baka mai kunama baka ne da aka ɗora a kwance bisa gindi irin na bindiga. Daga ƙasashen waje ake kawo shi. Kowa ya ɗauki fensirinsa, mu bi sassan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Akwai hannuwa biyu, hagu da dama. Igiyar da ta haɗa su ita ce tsirkiya, kamar ta bakan kakanninmu. Dogon tsagin da ke bisa, inda kibiya ke kwanciya, mu kira shi hanyar kibiya. Kunama tana ƙasa, makullinta na kusa da ita. Zoben ƙarfen da ke can gaba shi ne likkafa, nan ake sa ƙafa in za a ja tsirkiya.

Aiki: rubuta baka, tsirkiya, kibiya, kunama, likkafa, kowace sau uku. In hannu ya yi rawa, ba komai, a hankali zai saba.

Darasi na 2: Babban yatsa

Ku saurara da kyau, 'yan uwa, don nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Hannun da ke tallafe da baka daga gaba, yatsunsa duka biyar su zauna ƙasa da hanyar kibiya. Duka biyar. Musamman babban yatsa.

Me ya sa? In ka taɓa kunama, tsirkiya tana shafo saman hanyar nan da gudun da ido ba ya gani. Abin da ta tarar a gabanta, da shi za ta wuce. Tana tsaga yatsa har ƙashi, tana iya cire shi ɗungum. Wanda ya saba riƙon bindigar toka shi ya fi shiga haɗari, domin hannunsa ya saba naɗe bututu, babban yatsa a sama. A wannan baka, babban yatsa ƙasa.

Mun gwada da sanda a aji. Na ce yatsa ƙasa, kowa ya gyara. Na juya allo na rubuta kalma ɗaya, na waiwayo, sai ga yatsu sun sake leƙowa sama. Ba laifinku ba ne, sabo ne. Amma tsirkiya ba ta san sabo ba.

Saboda haka in ka je saye, abin da za ka fara dubawa ke nan: shin akwai ɗan fiffike na roba a gefen mariƙin gaba, wanda ke tare yatsu kada su hau? In babu, ajiye shi, ko da kyauta aka ba ka. In akwai, riƙe bakan yadda za ka yi harbi, ka dubi hannunka da idonka. Ina babban yatsa? Ƙasa.

Aiki: ɗauki sanda, ɗaga ta zuwa kafaɗa sau 20. Kowane ɗagawa ka faɗa da baki, "yatsa ƙasa".

Darasi na 3: Lambar da ke jikin kwali

A jikin kwali za ka ga lamba, bayanta haruffa uku: l, b, s. Ma'anarsu laba, wato nauyin jan tsirkiya. In ka ga 150, laba 150 ke nan, kimanin kilo 68. Buhun siminti kilo 50 ne, ka ga ya fi shi. Laba 175 kuwa ta kai kusan kilo 80.

Mai farawa ya tsaya tsakanin 150 da 175. Ya ishe ka gada, balle zomo da gyazbi. Kada mai sayarwa ya ruɗe ka da babbar lamba, bakan da ba ka iya ja, rataye zai ƙare a bango. Ƙananan nan masu kama da ƙaramar bindiga, masu laba 50 ko 80, ba na farauta ba ne. Raunata dabba kawai suke yi ta gudu ta mutu a wahale, wannan kuwa zalunci ne.

Tambayi igiyar ja mai ƙugiya biyu. Tana rage nauyin da rabi, 150 ta koma kamar 75. Sa ƙafa cikin likkafa sosai, ka ja da kanka a gaban mai kaya kafin ka biya. In ka ɗaga shi bayan ka ja, ina babban yatsa? Ƙasa.

Darasi na 4: Mai ƙafafu ko mara ƙafafu

Iri biyu ne. Wani yana da ƙananan ƙafafu masu juyawa a bakin hannuwansa, da igiyoyi da yawa. Wani hannuwa ne kawai masu lanƙwasa da tsirkiya ɗaya. Ni dai na biyun nake zaɓa wa wanda kuɗinsa ba su da yawa. In tsirkiyarsa ta gaji, kai da kanka za ka canza ta. Mai ƙafafu sai da injin matsa hannuwa, kuma ba za ka same shi wurin mai gyaran keke a Kware ko Wamakko ba.

Kada ka zuba kuɗinka duka a kan baka. Bar na tsirkiya ta biyu, da kibau, da kaki. In bakan na hannu ne, bi hannuwansa da yatsa, tsaga ko ɗan siriri ka gani, bar shi.

Na lura wasu suna tsallake Darasi na 2 wai sun riga sun iya. Ba ku iya ba. Dattijo da gemunsa, a faɗa masa magana sau goma? Ku koma ku ɗauki sanda.

Darasi na 5: Kibau

Yawancinsu inci 20 ne, kimanin santimita 50. Sayi tsawo da nauyin da aka rubuta a takardar bakanka. Kibiyar kyauro ta gargajiya ba ta shiga nan, fashewa za ta yi. Kada ka taɓa sakin kunama babu kibiya, hannuwan baka na iya tarwatsewa a fuskarka. Fara gwaji daga mita 20, kada ka wuce 30 a kan dabba. Yatsa ƙasa.

Darasi na 6: Izini

Kun san halin da dazuzzukanmu ke ciki, musamman wajen Isa da Sabon Birni. Daga nesa wannan baka bindiga yake kama. Kafin ka saya, je wurin sarkin baka da mai unguwa, sannan ka tambayi 'yan sanda abin da doka ta ce. Akwai namun dajin da aka hana harbi, a tambayi ma'aikatan gandun daji.

Darasi na 7: Ajiya

Kada a bar shi a rana, kada a ajiye shi a jaye. Lokacin hunturu a riƙa shafa wa tsirkiya kaki. A rataye inda yara ba su kai.

Aiki: karanta lambar da ke jikin kowane kwali ka gani a gida, ka rubuta ta.