Yadda ake sa kujerar hawa bene a gida a Ingila, da inda ake samo tallafin kuɗin

Duk wanda ke zaune a Ingila ya san yadda gidajen nan suke, falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana da banɗaki a sama, ga matakala tsukakkiya a tsaye kamar tsani. Lokacin da ciwon gwiwar Hajiyarmu ya tsananta sai da muka sauko mata da katifa falo, alwala ma sai an kawo mata buta da roba, ba ta taɓa yin ƙorafi ba amma wallahi kana kallonta ka san abin na ci mata rai. Shi ya sa na shiga neman kujerar nan mai lantarki da ake ɗorawa kan ƙarfe a gefen matakala, mutum ya zauna ya danna ta kai shi sama.

Abu na farko, kuma dan Allah ku riƙe wannan ko da kun manta sauran: kar ku kira kamfani tukuna, kansul ɗin unguwarku, wato ƙaramar hukumar yankinku, za ku fara kira. Ku ce a haɗa ku da sashen kula da manya, kuna son a zo a duba mara lafiya a gida. Za su turo ma'aikacin lafiya da suke kira OT, shi zai ga yadda take tashi da zama, ya duba matakalar, ya rubuta ko kujerar ce ta dace da ita. Dalilin da ya sa nake nanatawa, in kuka sa aka fara aiki kafin kansul ta amince da takardarku to tallafin zai iya wuce ku gaba ɗaya. Mu saura kaɗan hakan ta same mu, wani ɗan talla ya zo gida ya zauna kusan awa biyu yana ta cewa rangwamen na yau ne kawai mu ba da kafin alƙalami, Allah ya taimaka yayana ya ce sai mun kwana mun yi shawara.

Sunan tallafin Disabled Facilities Grant, suna taƙaita shi DFG, kuma ba bashi ba ne. A Ingila yana kaiwa fam 30,000, a Wales fam 36,000. Scotland nasu tsarin daban ne, can ma dai ta kansul ake bi. Mai gida zai iya nema, ɗan haya ma zai iya amma sai da yardar mai gidan, sannan ana so a tabbatar mara lafiyar yana da niyyar ci gaba da zama a gidan har shekara 5.

Sai maganar binciken samu, a nan ne mutanenmu da yawa ke karaya tun ba su gwada ba. Za ka ji mutum ya ce ai ni ina aiki albashina da ɗan auki ba za su ba mu ba. To ba albashinka ake dubawa ba ɗan'uwa, na mara lafiyar ne da mijinta ko matarsa, kuɗin shigarsu da ajiyar da ta haura fam 6,000. Ko a gidanka take zaune samunka ba ya shiga lissafin. In kuma tana karɓar tallafin gwamnati irin su Universal Credit ko Housing Benefit ko ɓangaren garanti na Pension Credit, galibi ba za a ce ta ƙara ko kwabo ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 kuwa ba a ma duba samun iyayensa. Ku dai tanadi takardun banki da na fansho da wuri, su ne ke jan lokaci.

Yanzu farashi. Matakala miƙaƙƙiya wadda ba kwana, galibi za ka ji daga fam 2,000 zuwa 4,000 har da sawa. Mai lanƙwasa ko mai wurin tsayawa a tsakiya ita ce mai tsada, daga wajen fam 4,000 zuwa 6,000 har ma ta wuce, saboda ƙarfen sai an auna matakalarku an ƙera shi takanas, ba ya shiga wani gidan. Kansul kan nemi a kawo farashi a rubuce daga kamfani biyu, wasu kansul ɗin ma suna da kamfanonin da suke aiki da su. Ni shawarata ku nemi uku, akwai manya irin su Stannah da Acorn da Handicare, akwai kuma ƙananan dillalai na gari da ke sayar da na hannu da aka gyara, in matakalar miƙaƙƙiya ce na hannun ma lafiya lau yake yi. In lalurar ta ɗan lokaci ce kamar bayan tiyata, ana ba da haya.

Kar ku manta da harajin VAT. Mai naƙasa ko ciwo mai daɗewa ba ya biyan kashi 20 ɗin nan sam, fom ne ɗan ƙarami kamfanin zai ba ku ku cika. Wanda ya haura shekara 60 ko ba shi da lalurar, kashi 5 ne nasa. Ku duba takardar farashin da idonku ku ga an cire.

Bayan kun miƙa cikakkiyar takarda doka ta ba kansul wata 6 ta ba da amsa, in an amince kuma sai a kammala aikin cikin wata 12. Gaskiya jiran akwai gajiyarwa, tun ma layin zuwan OT ɗin, sai kun riƙa bugo musu waya, in jikinta ya ƙara tsanani ku sanar da su nan take don suna sa na gaggawa a gaba. Masu gidan kansu kuma ku tambaya tun farko, in tallafin ya wuce fam 5,000 kansul na iya neman a mayar da wani ɓangare, har zuwa fam 10,000, in aka sayar da gidan cikin shekara 10.

In an hana ku ko an ce ku cika wani abu da ya fi ƙarfinku, ku shiga shafin Turn2us ku bincika ƙungiyoyin agaji, ku tuntuɓi Independence at Home, Age UK ma na ba da shawara kyauta, wanda ya yi aikin sojan Birtaniya kuma akwai ƙungiyoyin SSAFA da Royal British Legion.

Ranar sawa ba wani dogon aiki ba ne, 'yan awoyi ne, a jikin matakalar ake ɗaure ƙarfen ba a bango ba, kuma da batir take aiki tana caji da kanta ta soket don haka kar wani ya kashe soket ɗin da daddare wai yana tattalin wuta. Kafin su tafi ku tambayi nauyin da take ɗauka, garanti na shekara nawa ne, waye zai biya sabis ɗin shekara-shekara in garantin ya ƙare, don sau da yawa a kanku yake komawa. Ku sa Hajiya ta hau ta sauko da kanta sau biyu sau uku a gabansu, ta ɗaura bel ɗin, ta juya kujerar a sama kafin ta miƙe.