Yadda Ake Magance Jinkiri Da Yankewar Murya A Kiran Intanet

Kana magana da ɗan'uwanka da ke Jidda ta WhatsApp, ka yi sallama, shiru, sai ku amsa a tare, daga nan murya ta fara karyewa kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi. Yawancinmu sai mu ce sabis ne, mu sayi ƙarin data. Abin yana damuna, domin kuɗin a banza suke tafiya: kiran murya ko kilobit 100 a sakan ba ya ci. Abin da yake bukata shi ne kowane gutsuren murya ya iso a kan lokaci.

Wayarka tana daddatsa muryarka ne gutsure-gutsure, galibi ɗaya a kowane milisakan 20 (milisakan 1,000 ne sakan guda), wato 50 a sakan guda. Idan duka suka makara daidai wa daida, jinkiri ke nan. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa ƙasa da milisakan 150 daga baki zuwa kunne ba ya damun hira, amma ya haura 400 hira ta lalace. Idan kuwa wani ya zo da wuri, wani ya makara, wani ya tsallake na gabansa, wannan tangal-tangal ɗin shi ke karya murya, kuma ana so kada ya wuce milisakan 30.

Mataki na farko, auna kafin ka taɓa komai. A kwamfuta mai Windows buɗe Command Prompt ka rubuta ping -n 50 8.8.8.8. Lambobin da za su fito lokacin da saƙo ya ɗauka ne na zuwa da dawowa, a milisakan. Kada ka tsaya kan matsakaicin da ke ƙasa, bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga 60, 64, 61, hanya lafiya lau. Idan ka ga 60, 340, 75, 500, ka kama ɓarawon. Layukan da ba su dawo da amsa ba gutsuren da suka ɓata ne, kuma fiye da ɗaya cikin ɗari kunne yana ji.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi so ka ba lokaci. Sake yin gwajin, amma wannan karon sa wani a gidan ya tura babban bidiyo. In lambobi suka yi tsalle daga 60 zuwa ɗaruruwa, matsalar a cikin gidanka take. Rautar, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, tana tara kaya a dogon layi, muryarka kuma ta tsaya bayan bidiyon kamar mai sayen lita ɗaya a bayan manyan motoci. Maganinsa a ba murya gaba. Shiga saitin rautar ka nemi QoS ko SQM, saitin da ke tsara layin kayan, ka kunna, ka rubuta saurin da ya kai kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da layinka ke bayarwa a zahiri, musamman ɓangaren turawa. Ka ɗan sadaukar da sauri, amma layi ba zai ƙara taruwa ba. A ofis mai wayoyin intanet, a sa wa murya alamar DSCP 46, wadda ke ba ta fifiko. Ƙaramar MiFi sau da yawa ba ta da wannan saitin. A nan sai ka dakatar da ajiyar hotuna ta Google Photos da sabunta manhajoji, ka roƙi yara su haƙura da YouTube har a gama.

Na uku, gyara tsakaninka da rautar. Haɗi ta kebul ya fi komai. In babu, koma Wi-Fi na 5 GHz ka matso kusa, domin 2.4 GHz cike yake da na maƙwabta. Kashe VPN, yana ƙara wa tafiyar zagaye. Kashe bidiyo ka bar murya kaɗai.

Na huɗu na masu wayar ofis ne. Kowace waya tana da ɗan rumbun da ke riƙe gutsuren na ɗan lokaci ya jera su kafin ka ji. Ka faɗaɗa shi, karyewa ta ragu amma jinkiri ya ƙaru. Ka matse shi, masu makara su zube. Zaɓi wanda ke daidaita kansa, ko ka fara daga milisakan 40 ka ƙara kaɗan-kaɗan kana saurare. Inda akwai zaɓin tsarin matse murya, ɗauki Opus, yana jure ɓacewar gutsure fiye da G.711.

Akwai jinkirin da saiti ba ya taɓawa. Intanet ta tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita kusan 36,000 tana cin wajen milisakan 250 a hawa da sauka kaɗai. Mai irin wannan layi ya riƙa ɗan dakatawa bayan kowace magana, ya bar na can ya amsa.